Kan Ragon da Ya Zaga Gida Tara

Ranar da aka rataya wa Anarkan kati a wuya shekarunta saba'in da uku, kuma rabon da a rataya mata wani abu a wuya tun lambar yabon da ta samu a tatsar shanu, zamanin gonar gwamnati. Katin na ɗauke da hotonta, wanda aka ɗauka bakinta a buɗe tana tambayar ko an ɗauka. A ƙasa an rubuta "Abokiyar Bincike". Ta juya bayansa ko za ta ga ƙarin bayani, ba ta ga komai ba.

Ga yadda abin ya faro. A garinmu Kara-Terek akwai zauren tsofaffi, tsohon ɗakin karatu ne aka kwashe littattafan aka zuba tebura, inda ake ba da romon dankali mai zafi da burodi kowace azahar ban da Lahadi. Farkon sanyi sai ga takarda daga ofishin gunduma, wai za a rufe kicin ɗin, sai fa in bincike ya nuna akwai masu buƙatarsa. To a garinmu ba a taɓa samun mai buƙatar komai ba. Tsofaffi ashirin da ke cika zauren, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa zai ce maka shi yana zuwa ne don ya taya sauran zama, bayin Allah. Ita Anarkan cewa take likita ne ya ce ta riƙa taka ƙafa. Gaskiyar kuwa, tun da ɗanta ya tafi aiki Rasha, matarsa ta bi shi da yara, romon nan ne kaɗai abu mai maiƙo da ke shiga cikinta a yini, kuma lokacin nan ne kaɗai take zama kusa da wani mai numfashi. Da ta ji batun takardar tsoro ya kama ta har ta kasa gama kwanonta, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Wadda aka turo binciken wata yarinya ce daga jami'a a Bishkek, babban birninmu, sunanta Saikal, mai gilashi da jakar da ta kusa fin ta nauyi. Ta tsaya gaban tebura ta ce ita ba a kan tsofaffi ta zo yin bincike ba, tare da su ta zo yi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tana son mutum biyu cikin masu cin abincin zauren su zama abokan aikinta, su tsara tambayoyi tare, su shiga gidaje tare, kuma ba za ta aika da ko layi ɗaya ba sai sun sa hannu. Toktosun, tsohon direban tarakta mai shekara saba'in da tara, ya miƙe tun ba ta rufe baki ba, don a zatonsa aikin da mota. Anarkan kuwa ta ɗaga hannu ne tana nuna wa maƙwabciyarta Sakish inda kafaɗa ke mata ciwo, kafin ta sauke an tafa mata.

Washegari suka zauna su uku a kan tambayoyin. Shidan farko suka wuce lafiya, don ba su wuce suna da shekaru da yawan 'ya'ya ba.

"Ta bakwai," in ji Saikal. "Sau nawa kake cin nama a mako?"

Toktosun ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa.

"'Yar nan, wa ya raine ki?"

"Kakata ce, Ata," in ji Saikal, don haka ake kiran dattijo a wurinmu, kamar a ce Baba.

"Allah ya jiƙanta, ba ta ƙarasa aikin ba."

"Tana da rai, Ata."

"To Allah ya ba ta haƙuri. Ki shiga gidan mutum, ki sha shayinsa, sannan ki leƙa masa ciki? Ko ɗan sanda ba ya yin haka."

"To yaya za mu san ko mutane na samun abinci?"

"Da ido mana. Gani ya kori ji. Ki dubi abin da aka shimfiɗa miki ki rubuta."

Saikal ta ce a littafi ba haka ake yi ba, ta juya ga Anarkan tana neman ceto. Anarkan ta tuna cewa gidanta na cikin gidaje goman da za a shiga, kuma ita ma za a yi mata tambayar nan a gaban Toktosun, sai ta ce tsohon ya yi gaskiya. Ta ƙara da tata: ba a faɗo wa mutane da baƙuwar birni haka kawai, sai an sanar da su sun share tsakar gida. Biyu da ɗaya, aka kada Saikal. Maimakon ta ji haushi sai murna ta kama ta, ta rubuta a littafinta cewa abokan bincike sun sauya tsarin aiki da kansu, har ta ja layi biyu a ƙasa. Anarkan da hannunta ta rubuta jerin gidajen da lokacin zuwa kowanne, tara ranar Talata, nata na ƙarshe safiyar Laraba, ta manna a ƙofar zauren. Tana mannawa Sakish na tsaye a bayanta tana karantawa da leɓe.

Ita Sakish dai a shiga sharo ba shanu ba ta da na biyu a garinmu. Ba a biki, ba a makoki, ba a ko gyaran murhu ba ta tsaya a kai tana ba da umarni ba. Talata da sassafe ta leƙo ta saman shinge ta ari kwanonin shayin Anarkan guda shida masu zinare a baki, na aurenta, ta ce baƙi za ta yi.

Gidan farko na Gulsun ne, wadda mijinta ya rasu shekara shida, kyanwarta ma ta yi ƙaura gidan maƙwabta tun bara. Suna cire takalma suka shiga, Anarkan ta tsaya cak. An shimfiɗa dastorkon, wato ƙyallen da muke jera wa baƙi abinci a kai, tun daga bakin ƙofa har bango, babu wurin ajiye yatsa a kansa: soyayyen borsok, irin cincin ɗinmu, tuli guda, zuma, man shanu, alewa mai takardar zinare, busasshen tuffa, taliya da albasa tana turiri, a tsakiya kuma dafaffen kan rago a shuɗin faranti yana kallon ƙofa. Aka zuba mata shayi a kwanonta na aure.

Ta san kan ragon, kowa a gari ya san shi. Surukan Sakish na bayan dutse ne suka aiko mata da shi da suka yi yankan sanyi, kwana takwas yana rataye a ɗakin ajiyarta tana jiran dalili.

Aka kai Toktosun can ƙurya wurin manya, aka ajiye masa kan a gabansa yadda ya dace. Ya zaro wuƙarsa ya yanke kunnen dama ya miƙa wa Saikal, tunda ita ce ƙarama, don ta riƙa jin maganar manya. Ya ɗan yanki kumatu ya ɗanɗana, ya mayar wa masu gida da sauran. Saikal ta taune kunnen da ƙyar, ta buɗe fom ta rubuta: nama akwai, mai akwai, kayan zaƙi akwai.

Da aka zo shafa addu'a Toktosun ya ɗaga hannu ya ƙi saukewa. Ya yi wa Gulsun, ya yi wa marigayi mijinta, ya yi wa kyanwar da ta gudu. A waje ya durƙusa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Gida na biyu taku arba'in ne, amma sai da ya tsayar da su a hanya ya nuna wa Saikal daidai inda tarakta ta kife da shi yana saurayi, da inda hularsa ta faɗa, da inda wanda ya tsince ta ya tsaya. Duk tsawon wannan lokaci akwai wani ƙara da ke tafiya ta bayan gidaje, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

"Mene ne wannan, Ata?"

"Tsuntsu ne."

"Da sanyin nan?"

"Ɗan gari ne, ba ya ƙaura."

Anarkan ta leƙa ta tsakanin gidaje biyu. Sakish ce, da shekarunta saba'in da biyar, tana tura baro lulluɓe da bargo cikin dusar ƙanƙara, Gulsun na bin ta a baya da butar shayi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, tana wani abu da a wurinta gudu ne.

A gida na biyu borsok ya ɗan ragu, an baza shi don ya cika wuri. An kwantar da kan ragon a gefensa na dama kamar mai jinya. Toktosun ya gaishe shi da ido, ya yanke kunnen hagu ya miƙa wa Saikal. Nama akwai.

Gida na uku na tsoho Japar ne, wanda rabonsa da haƙori ya kai rabonsa da tunkiya. Saikal ta daɗe tana kallon farantin, ta cire gilashi ta goge ta mayar.

"Ata, ragon nan ba shi da kunne ko ɗaya."

Japar ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗakinsa.

"Sanyin bara ne, 'yar nan," in ji Toktosun. "Ragunan garin nan duk sun zubar da kunnuwa. Ku a birni ba a gaya muku komai." Ya ƙwaƙule ido ɗaya ya raba biyu, ya ba ta rabi ya ci rabi, don su riƙa ganin juna da alheri.

A gida na huɗu suka raba ɗayan idon. A na biyar aka ba ta ganɗa. A na shida an lulluɓe ragon da taliya da albasa tun daga goshi har hanci, sai haƙora ke leƙowa. A na bakwai Saikal ta ɓare alewa mai takardar zinare ta tarar da guntun ɗanyen karas a ciki, ta dubi mai gida, mai gida ya dube ta, ta jefa a baki ta ce tana da daɗi. Zuwa lokacin ta kwance maɓallin siket a ɓoye, domin ba a fita gidan mutum ba a taɓa abincinsa ba, kuma a garinmu taɓawa na nufin kwano biyu. Addu'o'in Toktosun kuwa sai ƙara tsawo suke, don masu baro sun fara gajiya. A gida na takwas sai da ya yi wa shugabannin gonar gwamnati su huɗu addu'a da sunayensu, har da wanda ya taɓa korarsa.

Anarkan tana zaune tana shan shayi a kwanonta na aure gida bayan gida. Da farko dariya take dannewa. Daga gida na biyar dariyar ta tafi, domin kowane "akwai" da alƙalamin yarinyar ya rubuta, ji take ana ɗauke mata kwanon romo daga gabanta. Kuma ita ta manna takardar nan da hannunta.

A gida na tara abin da ke kan shuɗin faranti ƙashi ne fari tas, an juya fuskarsa bango. Toktosun ya zagaya shi da wuƙa sau biyu yana neman abin yanka, ya rasa, sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙar ya ce rago ne mai albarka, daga ji an kiwata shi da kyau.

Da suka fito rana ta yi sanyi. Saikal ta jingina da turken wuta tana numfashi da baki, ta jira Toktosun ya ɗan yi gaba, sannan ta ce da Anarkan a hankali, tana kiranta Apa, wato Inna:

"Apa, gilashi kawai nake sawa, ba makanta gare ni ba. Kunnuwan ragon nan biyu suna cikina."

Anarkan ta sunkuya tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalminta, Saikal ta ci gaba.

"Amma ba zan rubuta cewa dattawa tara sun yi min ƙarya ba, ba ni da wannan bakin. Ku ne 'yan gari, ku kuka gani, ku za ku sa hannu. In kun ce raguna tara, raguna tara zan kai. In kuwa na kai raguna tara, kin san abin da ofis zai ce."

"Raguna tara," in ji Toktosun daga can gaba, ashe kunnensa ya fi ƙafarsa lafiya. "A garin nan ba a taɓa kwana da yunwa ba."

Kafin magariba Sakish ta miƙo kwanonin ta saman shinge, ɗaya ya ɗan ɓalle a baki.

"Sakish, kin san abin da kika yi yau?"

"Na tura baro tun safe har ƙuguna ya rabu biyu, ba wanda ya ce min sannu. Gobe da safe zan zo miki da kayan. Kan ya ɗan gaji, amma in aka sa masa albasa zai yi gida ɗaya."

"Za a rufe kicin."

"Wa ya ce?"

"An rubuta nama a gida tara. Wa zai ba masu raguna romo kyauta?"

Sakish ta gyara ɗaurin kallabi, ta daɗe tana gyarawa.

"To a rufe. So kike yarinya ta koma Bishkek ta ce ta shiga gidan Gulsun ta tarar da shimfiɗa fayau? A buga a takarda, 'ya'yanta su karanta a waya can Rasha? Yunwa ai a ciki take, wa ke ganinta?"

"Ke me za ki ci in an rufe?"

"Ni don in taya ku zama nake zuwa," in ji Sakish, ta juya ta shige.

Abin da ya fi yi wa Anarkan ciwo shi ne ta kasa ganin laifinta. Da ba don katin da ke wuyanta ba, da ita ce mai riƙe da butar shayi a bayan baro. Amma ta san yadda ranar Lahadi take, ranar da zauren ke rufe: ta tashi, ta kunna murhu, ta zauna, ta kashe murhu. Ta lissafa sanyi guda na irin wannan Lahadin a jere, ta ji ba za ta iya ba.

Safiyar Laraba ta sa wa ƙofar shinge sakata, ta ƙara ɗaure ta da waya. Ba a jima ba ta ji baron yana tahowa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ya tsaya.

"Anarkan, buɗe."

"Ba na nan."

"Ga hayaƙinki yana tashi."

"Shi ne yake nan, ni na fita."

"Ke, baƙi na hanya. Buɗe kafin ki tona wa kanki asiri."

"Asirina ne, ba na aro ba."

Aka yi ƙus-ƙus a bayan shinge, don Sakish ba ita kaɗai ta zo ba, rabin zauren ta kwaso. Sai ga ƙullin borsok ya tsallako a bakin manjagara yana lilo. Anarkan ta tare shi da shebur ɗin kwasar ƙanƙara ta mayar. Aka sake turowa ta wani gefen, ta sake mayarwa. Japar ya hau kan ganga a bayan ɗaki zai zura kwalbar zuma ta ƙaramar taga, ta riga shi ta rufe, shi kuwa ya duba ƙasa ya ga sauka ta fi hawa wuya, ya tsaya a nan rungume da zuma yana kiran a zo a sauke shi, kowa na da aikin yi. Gulsun ta durƙusa tana turo alewar karas ɗaya-ɗaya ta ƙarƙashin ƙofa, tana roƙo da muryar kuka wai ko don darajar marigayi mijin Anarkan.

Da Sakish ta ga lallashi ya ƙi, sai ta ɗauki kan ragon da hannu biyu ta wurgo shi ta saman shinge. Ya faɗa cikin ƙanƙara ya nutse har hanci. Anarkan ta manta da ciwon kafaɗa, ta tono shi ta mayar. Ya dawo. A tarihin garinmu an yi jifa da takalmi, an yi da ludayi, amma ba a taɓa yi da abin da ake ajiye wa babban baƙo ba, kuma waɗanda suka gani har yau ba su yarda da juna ba a kan sau nawa ya tsallaka. Abin da aka haɗu a kai shi ne a jifan ƙarshe ya sauka a rufin ɗakin kaji, ya zauna daram yana kallon hanya. Daidai nan baƙin suka iso.

Saikal ta ɗaga kai ta dubi rufin. Toktosun ya buɗe baki zai yi bayani, ya nema ya rasa, ya rufe.

Anarkan ta kwance wayar, ta shigo da su biyu, ta mayar da sakata. Ta kai Toktosun ƙurya, ta ɗauko dastorkon ɗinta mai kyau, fari, wanda mahaifiyarta ta yi wa ado da zare, ta shimfiɗa. Ta ajiye rabin burodi da ya fara tauri. Ta ajiye 'yan ƙwayoyin sukari a ɗan faranti. Ta zuba shayin da ganyensa ya sha dahuwa har ya gaji, ta zauna, don babu sauran abin ɗaukowa. Shekara hamsin da ɗoriya tana karɓar baƙi a ɗakin nan, ba baƙon da ya taɓa ganin tsakiyar shimfiɗar, kullum a rufe take da kwanoni. Ashe akwai jajayen furanni a wurin, ita kanta ta manta. Yanzu ga su a fili su uku suna kallo. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige.

Saikal ta gutsuri burodin ta kai baki. Ta rufe fom ɗin a hankali ta tura shi ƙarƙashin gwiwa.

"Apa, ba sai mun rubuta wannan ba."

"To me muka zo yi? Ba ce miki aka yi ki dubi abin da aka shimfiɗa ba? Buɗe. Nama babu. Mai babu. Burodin nan ma na zauren ne, na shekaranjiya, a aljihu nake kawo rabi don in samu na yamma. Sa wannan ma."

Yarinyar ta rubuta, tana yi tana ture gilashi da bayan hannu. Toktosun ya zuba wa burodin ido, shi da bai yi shiru na minti ɗaya ba tun ranar Talata. Can ya ce:

"Ni a hula nake kai nawa."

Ya juyo wurin Saikal.

"Rago ɗaya ne, 'yar nan. Ni na cinye shi a gida tara, ai ya kamata in gane shi. Gyara takardun jiya, kawo in sa hannu."

Ya ci burodin sosai, ba taɓawa ba, ya sha shayin har kwano biyu, ya yi addu'ar da ba ta kai numfashi uku ba. Japar kuwa yana nan kan ganga kunnensa a jikin taga, shi ya sa kafin azahar ba wanda bai ji kowace kalma ba a gari.

Rahoton ya tafi ba sunan kowa a ciki, sai "gida na goma", kamar a garinmu akwai wanda bai iya ƙirga zuwa goma ba. Bayan mako uku amsa ta zo cewa kicin zai ci gaba. Ranar da aka karanta takardar mutum talatin da huɗu suka zo cin abinci, sababbin duk sun ce sun zo ne su ga mai tsaurin idon da ta iya yi wa baƙi shimfiɗa fayau. Toktosun ya tsira daga fushin gari, don ya bi tebura yana cewa ba shi da gilashi ranar da ya sa hannu.

Anarkan ba ta tsira ba. Ba wanda ya zage ta, garinmu ba ma haka. Ana dai gaishe ta daga nesa, in ta zauna a benci sai na dama ya tuna da wata magana a wancan teburin, na hagu ya ji iska na shigo masa. Romon yana nan da zafinsa, har an ƙara dankali. Ta riƙa cinsa ita kaɗai a tsakiyar mutum talatin da uku, tana jin hirarsu ta bayanta, kuma wannan ya fi mata Lahadi ɗaci. Kwana biyar tana haka. A na shida ta yanke shawarar gobe ba za ta zo ba.

Tana cikin juya cokali benci ya motsa. Sakish ce ta dire kwanonta a gefe, ta zauna ta ba ta rabin baya.

"Ba shiri muka yi ba. Nan ya fi kusa da murhu ne."

"Na sani."

"Kuma har yau ba a sauko min da kaina daga kan ɗakin kajinki ba."

"Yana nan, kaji sun saba da shi."

Suka ci gaba da ci, kowa na kallon kwanonta. Can Anarkan ta ji ana taɓa mata aljihun rigar sanyi ta ƙarƙashin tebur. Ta kai hannu ta ji rabin burodi, ga nata rabin kuma yana gabanta ba ta ɗauka ba tukuna.

"Yau ke, gobe ni," in ji Sakish, tana kallon bango. "Rabi ba ya kai ni safe."

Anarkan ta bar hannunta a aljihun. Ta matsa kaɗan don Sakish ta samu wurin miƙe ƙafa, suka ƙarasa romon kafin ya huce.